Sarkawan Gulbin Rima da Tarihin Nutso a Kan Jiragen da Ruwa Ya Ci

Nutso sana'a ce ta shiga ƙarƙashin ruwa a ɗauko abin da ke can, ko kifi ne, ko kaya, ko gawar ɗan Adam, kuma a ƙasar Sakkwato ta girmi birnin kansa. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, amma tun kafin a aza harsashin ganuwa akwai mutanen da cinsu da shansu ya rataya ga wannan ruwa. Su ne Sarkawa, masu su da tuƙin jirgi da fito, waɗanda har yau in jirgi ya kife ake kira kafin a kira kowa.

Yanayin gulbin ne ya tsara sana'ar. Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau. Rima kuwa tana tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi. Bayan sun haɗu kusa da birni sai ruwan ya karkata kudu, ya ratsa Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara. Da damina yakan fi ƙarfin gaɓarsa ya malale fadama, har ƙauyuka su zama tsibirai, ba a isa gare su sai da kwalekwale. Da rani yakan janye ya bar gurabu masu zurfi nan da can, kifi ya taru cikinsu. Saboda haka mutumin ruwa a wannan ƙasa yana da aiki biyu a shekara: da damina matuƙi ne, da rani kuma mai kurme.

Asalin Sarkawa yana komawa ga Sorko na daular Songhai, masu farautar dorina da ayu da kada a Kwara, waɗanda suka yi ta gangarowa kudu har suka shigo ƙasar Kabi, suka yi auratayya da Kabawa, Hausa ta zama harshensu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa kakannin waɗannan masunta mayaƙan ruwa ne. Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, da jiragen Sorko ya mallake kogin, da su ya kewaye garin Jenne har ya ci shi, kuma a fadarsa akwai babban basarake mai suna Hi-koi wanda jiragen yaƙi suke hannunsa. Littafin Tarikh al-Sudan ya ruwaito cewa shi kansa Sonni Ali ruwa ne ya ci shi a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi.

Da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya Muhammadu a wajen 1516 ya kafa daular Kabi, sai ya gina ƙarfinsa a kan wannan fadama. Kufan babban birninsa, Surame, yana cikin Jihar Sakkwato ta yau, ganuwarsa ta dutse tana nan tsaye a wurare da dama. Tarihin baka na Kabawa yana cewa Kanta yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla, matuƙa 50 ke jansa, a cikinsa yake zagaya garuruwansa in ruwa ya cika. Dakarun Songhai masu dawakai sun zo masa ba sau ɗaya ba, suka koma ba nasara. Dalilin a fili yake. Doki ba ya yaƙi cikin taɓo, kuma wanda ya san inda mashigi yake da inda gurbi yake ya riga maharinsa sanin inda za a gwabza.

Haka abin ya maimaita kansa bayan jihadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi a 1805, amma Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame na 1849 har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su iya karya garin ba. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, aka zauna 'yan shekaru, aka koma fagen fama. A tsawon wannan zamani ba a san adadin jiragen da suka nutse tsakanin Sakkwato da Argungu da bakin Kwara ba, na mayaƙa da na fatake masu gishiri da goro. Jirgin itace ne, in ya kife a wurin da numfashi zai kai, Sarkawa sukan kurma su ɗaura masa igiya a jawo shi. In ya wuce nan, laka ta rufe shi.

Sana'ar tana da sarautarta. Sarkin Ruwa shi ne mai iko da gurabu: shi ke hana shiga, shi ke buɗewa, shi ake kai wa ƙara in an yi rigima kan kifi, kuma ƙofarsa ake bugawa in ruwa ya ɗauki mutum. Kafin a fara su na shekara akan yi gyaran ruwa, sannan a yi fashin ruwa, wato buɗe shi ga jama'a. Malamai sun daɗe suna jayayya da abin da ke cikin waɗannan al'adu na tsafi da roƙon iskokin ruwa, kuma da yawansu sun kau ko sun koma addu'a da sadaka. Amma a ƙarƙashin al'adar akwai dabara mai kyau da ta cancanci yabo: gurbin da aka hana taɓawa wata da watanni yana ba kifi damar hayayyafa da girma. Jama'a kuma sun yarda Sarkawa na da maganin ƙayar kifi in ta maƙale a wuya, da na sanyin da ke kama gaɓoɓi, kuma gado ne da ba a ba wa bare.

Kayan aikin mai kurme kaɗan ne. Akwai gora, babbar ƙwarya mai baki a sama, wadda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi ta tuƙa kansa da hannu da ƙafa, kuma cikinta yake jefa abin da ya kama. Akwai homa guda biyu, ɗaya a kowane hannu. In ya iso inda ya ga alamar kifi sai ya saki gorar, ya cika ƙirjinsa da iska, ya dulmiya da kai. Daga kamu ɗaya zuwa biyu haske ya ƙare, domin ruwan Rima ja ne, mai laka, ido ba ya aiki a cikinsa. Da tafin hannu da tafin ƙafa yake gani. Yana bin gindin gaɓa yana shafa saiwoyi da ramukan da tarwaɗa da kurungu ke ɓuya, in ya ji motsi ya haɗe homa biyun, ya dako ƙasa da ƙafa ya taso. Wanda ya ƙware yakan yi lalube, ba homa ba komai, ya cusa hannu a rami ya kamo kifi ta kunne. A nan ne ake gamuwa da ƙayar kurungu mai tsaga hannu, da mijiriya mai girgiza mutum har ya saki numfashi, da tsohon taru da ya maƙale a kututture yana jiran ƙafar da zai naɗe. Wannan na ƙarshe shi masu nutso suka fi tsoro, domin wanda taru ya riƙe yana da ɗan lokaci kaɗan ya kwance kansa cikin duhu.

Sai kuma sanyi. Mutanen waje sun san Sakkwato da zafi, amma a watannin Disamba da Janairu hunturu yakan sauko da ma'aunin zafi kusa da digiri 15 da asuba, kuma lokacin ne ruwa ke janyewa, su ya kankama. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Mai kurme yakan fito haƙoransa na kaɗawa, yatsunsa sun ƙage, iska mai ƙura ta bugi jiƙaƙƙen jikinsa. Shi ya sa ba a rasa wutar kara a bakin gaɓa, ana fitowa a ji ɗumi a koma. Ciwon kunne da raunin ji da ciwon gaɓoɓi su ne ladan da tsofaffin masu sana'ar ke kwashewa.

Duniya ta san wannan gwaninta ne ta hanyar bikin Argungu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ya rufe tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama kuma ya shirya masa babban su don girmamawa. Daga nan bikin ya ɗore a gurbin Matan Fada. Ban da kamun giwan ruwa, akwai wasannin kabanci: tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, da gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Argungu ta koma Jihar Kabi tun 1991, amma ruwan ɗaya ne da wanda ke wucewa ta Kwalkwalawa a bayan birnin Sakkwato, masuntan ma dangin juna ne.

Jiragen baƙi ma sun nutse a ruwan wannan yanki, kuma labarin biyu daga cikinsu ya biyo ta Sakkwato. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya taso daga Sansanding cikin wani jirgi da ya haɗa ya sa masa suna Joliba, ɗauke da bindigogi, yana harbin duk wanda ya tare shi. Ya biyo Kwara ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, cikin abubuwan da ya tambayi Sarkin Musulmi Bello har da labarin wannan jirgi da takardun da ke cikinsa. Clapperton ya dawo karo na biyu, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827, bai samu takardun ba. Yaronsa Richard Lander ya koma Busa a 1830, abin da aka nuna masa kawai wani littafin lissafi ne na Park. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 tsohuwar Busa da duwatsunta suka shige ƙarƙashin tafki, yau wurin ba ya isuwa sai ga mai nutso.

Na biyun shi ne Dayspring, jirgi mai tururi da ya hau Kwara a 1857 ƙarƙashin William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther da John Glover, da niyyar ƙulla hulɗa da Sarkin Musulmi. A watan Oktoba ya daki dutse kusa da Jebba, a ƙasar Nufe wadda ke ƙarƙashin Gwandu a lokacin, ya nutse. Mutanensa sun tsira, suka yi kusan shekara a bakin kogi kafin wani jirgi ya zo ɗaukarsu. Farfelarsa da ragowar injinsa da aka tsamo daga baya suna ajiye a Jebba.

A ƙasashen sanyi na arewacin Turai kuwa, nutso ya bi wata hanya dabam, kuma jiragen yaƙin da suka nutse ne suka tura shi gaba, domin tagullar igwa dukiya ce da sarakuna ba sa son bari a ƙasan teku. Jirgin Vasa na Suwidin, mai igwa 64, ya kife ranar 10 ga Agusta, 1628, a tashar Stockholm, bai yi ko kilomita biyu ba a tafiyarsa ta farko. Bayan shekara talatin da 'yan kai aka sauka kansa da wata na'ura mai siffar ƙararrawa. Duk wanda ya taɓa kifa ƙwarya a kan ruwa ya danna ta ƙasa ya san iska na saura a cikinta, to haka mutum ke tsayawa, kansa cikin iskar da ta maƙale, jikinsa cikin ruwa mai kusan ƙanƙara, a zurfin mita 32. Da wannan dabara aka fito da igwa fiye da 50. Jirgin kansa sai a 1961 aka tsamo shi, bayan masu nutso sun haƙa ramuka shida ta ƙarƙashinsa an zura igiyoyin ƙarfe. Katakonsa ya fito kusan lafiya lau, saboda ruwan tekun Baltik yana da sanyi da ƙarancin gishiri, tsutsar da ke cin katako ba ta rayuwa a ciki.

Babban sauyi ya zo a 1943, da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunyar da ya goya, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Daga nan mai nutso ya rabu da tiyon da ke haɗa shi da sama. Wurin da ya fi shahara ga masu wannan nutso a ruwan sanyi shi ne Scapa Flow, a tsibiran Orkney na arewacin Birtaniya. A can aka tsare jiragen yaƙin Jamus 74 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 21 ga Yuni, 1919, kwamandansu Ludwig von Reuter ya ba da umarnin a buɗe wa ruwa hanya don kada abokan gaba su rabe su, jirage 52 suka nutse a yini guda. Daga 1924 wani ɗan kasuwar ƙarfe, Ernest Cox, ya shiga tsamo su yana sayarwa, wasu suka ci gaba bayansa, har saura bakwai: manya uku, König da Kronprinz Wilhelm da Markgraf, da ƙanana huɗu, Brummer da Cöln da Dresden da Karlsruhe.

Mai sauka kansu yakan sa rigar roba da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, da tufafin ɗumi a ciki, da hular roba da safar hannu, ya riƙe fitila, ya bi igiyar da aka ɗaure daga sama har jikin jirgin. Manyan ukun sun kife ne, gindi sama, don haka abin da ke fara bayyana a hasken fitila shi ne faffaɗan cikin jirgi, tsatsa da halittun ruwa sun lulluɓe shi, sai an gangara gefe har kusan mita 45 kafin a ga bakin igwa a ƙarƙashi. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa jiki nauyi daidai da wanda iska ke ɗora wa mutum a doron ƙasa. A irin wannan nauyi iskar naitirojin na narkewa cikin jini, ta dagula hankali kamar maye, in kuma aka yi gaggawar tasowa sai ta yi kumfa a jijiyoyi, ta shanye jiki ko ta kashe. Saboda haka ɗan zama kaɗan a ƙasa yana bukatar tasowa a hankali, ana tsayawa mataki mataki, sanyi kuma na ƙara tsananta haɗarin. Basarke mai kurme da numfashi ɗaya a gurbin Rima ya tsira daga wannan cuta, amma duk wanda zai goya masa tukunyar iska dole ya fara koya masa wannan ilimi, in ba haka ba ya ba shi ajalinsa.

Ba kowane jirgi ake bari a taɓa ba. Royal Oak, wanda jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe a Scapa Flow ranar 14 ga Oktoba, 1939, da mutum fiye da 800, an ɗauke shi maƙabarta, doka ta hana sauka kansa sai masu nutson rundunar ruwa da ke zuwa duk shekara su sauya tuta. Akwai kuma Mendi, wanda ya nutse kusa da tsibirin Wight ranar 21 ga Fabrairu, 1917, bayan wani jirgi ya buge shi cikin hazo. Mutum fiye da 600 suka mutu, galibinsu baƙaƙen fatar Afirka ta Kudu da ake kai wa aikin ƙarfi a fagen yaƙin Faransa, da yawansu sanyin ruwa ne ya kashe su. Wani mai nutso ne ya tabbatar da jirgin a 1974, kuma hakan ya taimaka wajen farfaɗo da labarin da aka daɗe ana yi wa riƙon sakainar kashi.

A gida, ruwan da Sarkawa suka gada ya sauya. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun rage ambaliyar shekara da ke cika gurabu, kifi ya ragu a fadama, sun kuma haifar da tafkuna masu zurfin da numfashi ɗaya ba ya kaiwa. Duk da haka buƙatar mutanen ruwa ba ta ragu ba. A ambaliyar Satumba 2010, da ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kwalekwalen masunta ne suka yi ta fiton mutane. A watan Mayu na 2021 jirgi ya karye a Kwara kusa da Warra a Jihar Kabi, da mutum fiye da 150. A Afrilun 2022 mutum 29, yawancinsu yara da matasa, suka halaka a Gidan Magana cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, bayan shekara guda kuma yara 15 suka bi su a Dandeji, suna hanyar neman itace. A irin waɗannan ranaku jami'an hukumar agaji sukan zo, amma masu shiga ruwan su lalubo gawa a ba iyaye su yi mata sutura, mutanen gari ne, da gajeren wando da igiya.

Ta fuskar tarihi ma akwai abin da ake asara. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, yana cikin mafi tsufa a duniya. Laka mai danshi ce ta adana shi, irin lakar da ke shimfiɗe daga Goronyo har Argungu, inda jiragen Kanta da na fatake suka yi ƙarni da ƙarni suna kai da kawo. Mutanen da suka san kowane gurbi da sunansa suna nan da ransu, jami'a kuma tana bakin gulbin. Ya kamata gwamnatocin Sakkwato da Kabi su ɗauki 'ya'yan Sarkawa aikin ceto da albashi, a horar da su nutso da tukunyar iska, a ba su rigar sanyi da fitila da jirgi mai inji a Goronyo da Shagari da Wamakko, masana tarihi kuma su zauna da Sarakunan Ruwa su rubuta abin da suka sani tun tsofaffin ba su ƙare ba.